Zaɓen da ya rufe ƙofar zaɓe: Newfoundland, 1932

A zaman hira a nan Sabon Ibadan na sha jin 'yan'uwa na cewa 'yan siyasa duk kanwar ja ce, gara a kawo wanda zai riƙe ƙasa ko da ba a zaɓe shi ba. Duk sanda na ji haka sai in tuna da wata 'yar ƙasa da ta taɓa gwada wannan shawara.

Newfoundland tsibiri ne a gabashin Kanada ta yau. A wancan zamani ƙasa ce mai cin gashin kanta a ƙarƙashin sarautar Ingila, da majalisarta da firaministanta, matsayinta ɗaya da Kanada da Ostareliya. Mutanenta ba su kai dubu 300 ba, kuma arzikinsu busasshen kifi ne mai gishiri da suke kaiwa ƙetare. Ginin layin dogo da Yaƙin Duniya na Ɗaya suka jibga mata bashin da ya doshi dala miliyan 100. Da tattalin arzikin duniya ya karye a 1929, farashin kifi ya faɗi, kuɗin ruwa kaɗai ya riƙa cinye fiye da rabin kuɗin shigar gwamnati.

Ana cikin wannan hali sai ministan kuɗi, Peter Cashin, ya yi murabus, ya zargi Firaminista Richard Squires da almundahana. Ranar 5 ga Afrilun 1932 dubban mutane suka yi wa ginin majalisa a birnin St. John's ƙawanya, suka farfasa tagogi. Da ƙyar Squires ya sha.

Aka yi zaɓe ranar 11 ga Yuni. Jam'iyyar Frederick Alderdice ta kwashe kujeru 24 cikin 27. Squires ya rasa tasa, matarsa Helena, wadda ita ce mace ta farko a majalisar, ita ma ta faɗi. Mai karatu, ga inda gizo ke saƙar: a yaƙin neman zaɓe Alderdice ya ce zai duba yiwuwar miƙa mulki ga hukumar naɗaɗɗu, amma ba za a yi ba sai an tambayi jama'a. Ba a taɓa tambayarsu ba.

A 1933 kwamitin bincike na Lord Amulree ya ba da shawarar a jingine mulkin kai har ƙasa ta farfaɗo, Birtaniya ta ɗauki nauyin bashin. Majalisa da kanta ta amince. A Fabrairun 1934 mutum shida da Landan ta naɗa, uku 'yan Birtaniya, uku 'yan ƙasa, suka karɓi mulki ƙarƙashin gwamna. Ba a sa ranar dawowa ba. Aka shekara 15 a haka, majalisa a rufe. A ƙuri'ar raba gardama ta 1948 kashi 52 cikin ɗari suka zaɓi haɗewa da Kanada, a 1949 ƙasar ta zama lardi.

Ni dai ban ga laifin masuntan nan ba. Yunwa da takaici ne suka kai su rumfar zaɓe, kuma sun kori wanda suke ganin ya cuce su. Abin da ke tsaya mini a rai shi ne, da ƙuri'a suka kori Squires cikin yini guda, amma waɗanda suka zo daga baya babu ƙuri'ar da za ta taɓa su. Duk wanda ya sake kawo waccan shawara a majalisarmu, tambayar da zan yi masa ke nan: in shi ma ya ɓata, da me za mu cire shi?

Sai mun sake haɗuwa.