Lambar Yabo da Ƙasar Tasawa: Daga Ɗankori Zuwa Tsofaffin Sojojin Faransa

Kafin zuwan Nasara, ƙasar Tasawa da ta Maraɗi suna da tasu hanyar saka wa jarumi. In mutum ya nuna bajinta a fagen fama, sarki ya ba shi doki da riga, makaɗa su yi masa take, wani lokaci a naɗa shi Barde ko Jarumi, in abin ya kai a ba shi Ƙaura. Ladan yana a fili, kowa yana ganinsa, kuma mai shi yana cin moriyarsa tun da ransa. Ɗan ƙarfen nan da ake ratayawa a ƙirji da ƙyalle mai launi baƙo ne, kuma ranar da ya fara shiga tarihin wannan yanki ba ranar farin ciki ba ce.

A watan Janairun 1899 wata runduna ta Faransa ta taso daga bakin kogin Kwara ta nufi tafkin Cadi, ƙarƙashin Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine. Su biyun sun riga sun yi suna a Faris saboda cin Wagadugu a 1896, ga shi kuma mahaifin Chanoine janar ne wanda ya riƙe ma'aikatar yaƙi a 1898. Abin da suka aikata a hanya sananne ne: ƙone garuruwa, kame mata da 'yan dako, karon da suka yi da Sarauniya a Lugu a watan Afrilu, da kisan kiyashin Birnin Ƙonni a watan Mayu. Da labari ya kai Faris, aka umarci Laftanar-Kanar Arsène Klobb, wanda ke Tambutu, ya bi sawunsu ya karɓi rundunar. Bai sha wahalar neman hanya ba, domin toka da gawarwaki ne suka yi masa jagora har ƙasar Tasawa, inda aka yi wa mutanen Koran Kalgo irin abin da aka yi wa na Ƙonni.

Ranar 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa, suka haɗu kusa da Ɗankori. Voulet ya riga ya aika wa Klobb takarda cewa in ya matso zai sa a harbe shi. Klobb ya hana 'yan rakiyarsa, waɗanda ba su da yawa, mayar da wuta ko me ya faru. Ya sa kayan sarki, ya maƙala lambarsa ta Légion d'honneur a ƙirji, ya tunkari bindigogin. Abin da ya dogara da shi a bayyane yake: yana zaton babu hafsan Faransa da zai ba da umarnin a harbi wannan lamba, kuma babu sojan da zai bi umarnin. Aka harbe shi ya mutu nan take, mataimakinsa Laftanar Octave Meynier ya sami rauni. A daren nan Voulet ya cire galolin da ke hannun rigarsa, ya shaida wa sauran hafsoshi cewa shi ba Bafaranshe ba ne daga yau, zai kafa daular kansa. Wato a yini ɗaya, a daji ɗaya, wani ya jingina ransa ga alamar girma ta ƙasarsa, wani kuma ya yage tasa ya yar.

Waɗanda suka kawo ƙarshen al'amarin sojojin Afirka ne na cikin rundunar, galibinsu daga ƙasashen Bambara. Sun yi tawaye, suka kashe Chanoine ranar 16 ga Yuli, Voulet kuma washegari, a Maijirgi, inda kaburburansu suke har yanzu. Sauran rundunar ta ci Damagaram a ƙarshen watan, sa'an nan Paul Joalland da Meynier suka kai ta Cadi, aka yi yaƙin Kusuri ranar 22 ga Afrilun 1900, inda Rabe ya faɗi. Joalland da Meynier duk sun kai muƙamin janar. Binciken da aka buɗe an rufe shi a 1902, aka ɗora laifin a kan wai zafin ƙasar Sudan ne ya taɓa ƙwaƙwalwar kyaftin ɗin biyu. Wanda ya tsaya da kibiya a ƙofar garinsu a gaban bindiga mai aman wuta ya yi jarumtakar da ba ta gaza ta Klobb ba, amma babu hukumar da ta rubuta sunansa, domin lamba tana fitowa ne daga hannun wanda ya ci yaƙi.

Lambobin Faransa na soja kowace da asalinta. Napoléon Bonaparte ne ya kafa Légion d'honneur a 1802. Médaille militaire ta zo a 1852, don ƙananan sojoji da sajoji, tare da kuɗin shekara faran 100. Janar ba ya samunta sai ya jagoranci runduna a gaban abokan gaba, shi ya sa manya suke ɗaukarta da daraja ƙwarai. Croix de guerre kuwa an ƙirƙiro ta a 1915, a tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ga duk wanda aka ambaci sunansa cikin takardar umarnin soja saboda bajinta, kuma tun farko an buɗe ta ga sojojin ƙasashen ƙawance, na Ingila da Amurka da Beljiyam da sauransu. Ba wa baƙo lamba siyasa ce tsakanin ƙasa da ƙasa: Winston Churchill ya sami Médaille militaire a 1947, kuma cikin mutum 1,038 da Janar de Gaulle ya shigar cikin Ordre de la Libération har da Janar Eisenhower da Sarkin Maroko Muhammadu na Biyar.

To, ina matsayin ɗan Tasawa ko ɗan Mayahi a cikin wannan tsari? Shi ba ɗan ƙasa ba ne, ba kuma ƙawa ba ne. A doka talakan mallaka ne, wanda ake iya ɗauka soja ta hannun sarkin gunduma da mai gari. An fara ɗaukar dole a Afirka ta Yamma a 1912, dokar 1919 ta mayar da ita aikin shekara uku. Kusan mutum 200,000 aka kwasa daga ƙasashen baƙar fata a yaƙin farko, kimanin 30,000 ba su dawo ba. Rabon Nijar bai kai na Sudan ta Faransa ko Haute-Volta ba. Ƙasar tana ƙarƙashin mulkin soja har 1922, yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta ragargaza ƙauyuka, ga kuma iyakar Ingilishi kusa, wadda samari da yawa suka riƙa tsallakawa zuwa Katsina da Daura in an ji ƙishin-ƙishin ɗaukar soja. Amma waɗanda aka kama sun tafi, haka ƙannensu da 'ya'yansu a 1939, sannan Indocin da Aljeriya. Ba a cika shekara ashirin da ƙone Koran Kalgo ba aka soma ɗaukar 'ya'yan yankin su kare tutar da aka ƙone shi a ƙarƙashinta.

A ƙetaren iyaka akwai misalin da ya nuna yadda lamba ke bin tuta. Chari Maigumeri, mutumin Barno, ya fara aikin soja ne a rundunar Jamus ta Kamaru. Ingilishi suka kama shi a Garwa a 1915, ya shiga rundunarsu ta Nijeriya, ya yi yaƙi da tsofaffin iyayen gidansa a Afirka ta Gabas, a yaƙi na biyu kuma ya sami Military Medal, ya kuma je Bama. Barikin soja na Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi. Jarumtakar ta mutum ɗaya ce, masu yabon ne suka sauya.

Tsohon soja da ya dawo gida da lamba a ƙirji ya kan sami wani ɗan matsayi: ana ɗaukarsa gardi ko masinja a ofishin kwamanda, yana jin Faransanci, ana sa shi sahun gaba ran 11 ga Nuwamba da 14 ga Yuli. Mutanen gari kuwa suna yi masa kallo biyu, na wanda ya ga duniya da na yaron Nasara. Abin da ya fi lambar amfani a gidansa shi ne fansho, kuma a nan ne aka yi masa sakiyar da ba ruwa. Dokar kasafin kuɗi ta 26 ga Disamban 1959 ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ke samun 'yanci a kan adadin da yake a lokacin. Da Nijar ta sami mulkin kai ranar 3 ga Agustan 1960, tsohon sojan Mayahi ya zama baƙo a idon dokar Faransa, sai dai ba irin baƙuntar Churchill ba. Abokinsa Bafaranshe da suka kwana rami ɗaya, mai lamba iri ɗaya, kuɗinsa yana ƙaruwa kowace shekara, nasa kuwa yana nan inda aka bar shi, tsadar gero tana cinye shi.

An shafe shekara arba'in kafin shari'a ta taɓa wannan. A ranar 30 ga Nuwamban 2001 babbar kotun harkokin mulki ta Faransa ta yanke hukunci kan ƙarar Amadou Diop, tsohon saje ɗan Senegal, cewa bambancin ya saɓa wa yarjejeniyar Turai ta haƙƙin ɗan Adam; shi kansa ya rasu kafin hukuncin. Fim ɗin Indigènes na 2006 ya sa Shugaba Jacques Chirac ya daidaita wani ɓangare na kuɗin daga 2007, sauran kuma sai bayan hukuncin kotun tsarin mulki na Mayun 2010, ya fara aiki a Janairun 2011. A lokacin, sojojin yaƙin farko sun ƙare tuntuni, na biyun kuma 'yan kaɗan suka rage. Na ƙarshe cikin na yaƙin farko, Abdoulaye Ndiaye na ƙauyen Thiowor a Senegal, an shirya ba shi Légion d'honneur ranar 11 ga Nuwamban 1998, don cikar shekara tamanin da tsagaita wuta. Ya rasu ranar 10 ga watan, yana shirin bikin.