Zargin Maita da Masu Tsaya wa Mata a Ƙasar Hausa

Maita, a camfin Hausawa, ita ce kama kurwar mutum a cinye har ya rame ya mutu. Ana cewa gadonta ake yi, ko a sayi ƙanƙararta a haɗiye. Wadda ake nunawa da yatsa galibi tsohuwa ce, ko gwauruwa, ko baƙuwar da aure ya kawo garin, wato macen da ba ta da mai tsaya mata. Yaro ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, ya ambaci sunanta cikin sambatu, shi ke nan sai a jawo ta gaban jama'a a ce ta tsallake shi ta saki kurwarsa. Ko ta tsira da ranta, 'ya'yanta mata sun rasa manema.

Yaƙi da camfi tsakanin matan karkara ya daɗe a ƙasar Sakkwato. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya zauna a Sifawa ta ƙasar Boɗinga kafin ya koma Sakkwato a 1815, ya soki malaman da ke barin matansu cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u (1793–1864) ta kafa ƙungiyar mata ta 'Yan Taru. Kowane ayari da jajinsa, dattijuwa mai malfa, wadda ke jagorantar matan ƙauye zuwa wurin Asma'u su haddace waƙoƙin wa'azi, su koma su karantar da 'yan'uwansu. Bori suka fi fuskanta, amma dabarar ta dace da maita ma, domin jaji na shiga tsakar gidan da alƙali ba ya kaiwa, kuma a can zargi ke farawa.

Doka ta zo daga baya. Kundin laifuffuka na Arewa da ya fara aiki a 1960 ya haramta kiran wani maye, da hukuncin ɗauri har na shekara 2. Abin takaici, da wuya wadda aka zarga ta san da shi. A 2020 wani ɗan fafutuka mai suna Leo Igwe ya kafa ƙungiyar kare waɗanda ake zargi da maita, a 2021 kuma Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙudurin yin tir da wannan ta'asa.

A Fabrairun 2025 babbar kotun jihar Kano ta yanke wa mutum 5 hukuncin kisa kan kashe wata dattijuwa a gonarta a yankin Wudil bisa zargin maita. Tushen zargin mafarki ne da matar ɗayansu ta yi.