Tace Zinariya da Ruwan Gishiri da Lantarki: Bayani ga Jama'ar Birnin Kudu da Gwaram

Gabatarwa

Zinariyar da ake haƙowa, da wadda ake samu a tsofaffin kayan ado, takan zo gauraye da azurfa ko jan ƙarfe. Raba ta da waɗannan ƙarafa shi ake kira tacewa. Wata hanyar tacewa da ake yaɗawa a intanet ita ce ta ruwan gishiri da wutar lantarki. Kasancewar gishiri da batir da faifan sola suna samuwa a ƙauyuka, ya dace jama'a su san gaskiyarta kafin wani ya jarraba a gida.

Asalin hanyar

Tun ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), maƙeran birnin Sardis, a ƙasar Turkiyya ta yanzu, suna gasa zinariya da gishiri don fitar da azurfar cikinta. Sirrin shi ne sinadarin kulorin da ke cikin gishiri. A 1867 Francis Miller ya fito da hanyar hura iskar kulorin cikin narkakkiyar zinariya. A 1874 kuma Emil Wohlwill, a birnin Hambug na Jamus, ya ƙirƙiro tacewa da lantarki, wadda ke kai tsarkin zinariya kashi 99.99 cikin ɗari. Da waɗannan hanyoyi biyu manyan matatu suke aiki har yau.

Yadda take aiki

Idan lantarki ya ratsa ruwan gishiri, iskar kulorin tana fita a sanda ɗaya. A ɗaya sandar kuma iskar haidirojin ke fita, tare da soda mai ƙuna irin ta yin sabulu. Kulorin ɗin shi ke narkar da zinariyar ta shige cikin ruwa, daga baya a sa wani sinadari ya kwantar da ita kamar gari.

Hanyar tana da iyaka. An yi ta ne don ƙarfen da aka riga aka narkar, ko ruwan zinariyar da aka shafa wa kayan lantarki. Ba ta dace da dutsen da aka fasa daga rami ba, wanda tan guda nasa kan ƙunshi 'yan giram kaɗan. Idan azurfa ta yi yawa, takan yi ɓawo ta rufe ƙarfen, aikin ya tsaya. Zinariyar da ke cikin wayar hannu ɗaya kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin 20 na giram ba, don haka ribar ba ta kai wahalar ba.

Haɗarinta

Iskar kulorin guba ce, har an yi yaƙi da ita a Turai a 1915. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi ninki biyu da rabi, saboda haka takan kwanta a ƙasan ɗaki, inda yara ke wasa da barci. Tana ƙona ido da maƙogwaro da huhu. Haidirojin kuma yana kama wuta, har ya fashe. Ragowar ruwan yana ɗauke da jan ƙarfe, wani lokaci da dalma, kuma idan aka zubar zai iya gurɓata rijiya da fadama.

Darasi daga maƙwabta

An ga sakamakon sarrafa zinariya a cikin gida. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda niƙa dutsen zinariya a gidaje. A 2015 irin haka ya kashe yara 28 a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja. Gubar ta bambanta da kulorin, amma dalilin ɗaya ne: an kawo aikin masana'anta tsakar gida.

Matsayin doka

Sashe na 44(3) na Tsarin Mulkin 1999 ya damƙa dukkan ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta wajabta lasisi ga mai haƙa da mai sayen ma'adinai. Mallakar gona ba ta ba mutum mallakar zinariyar da ke ƙarƙashinta.

Kira ga jama'a da shugabanni

Ana kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni na wannan yanki na Masarautar Dutse, da jami'an lafiya na ƙananan hukumomi, su hana wannan aiki a gidaje da shagunan kasuwa. Mai tsohuwar zinariya ya kai wa ƙwararren maƙerin zinariya ya auna ta. Wanda ya shaƙi iskar a fitar da shi fili, a cire masa tufafin da suka jiƙe, a wanke idonsa da ruwa mai yawa, sannan a gaggauta kai shi asibiti mafi kusa ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko da ya ce ya ji sauƙi, domin illar huhu takan bayyana bayan wasu sa'o'i.

Rigakafi ya fi magani. Allah Ya kare mu.