Duwatsun Murhu Uku

Duk wanda ya koyi jita a Jimeta a zamaninmu, da muryoyi huɗu ya fara: do, la, fa, so. Ni a unguwar Luggere na koya, wajen 1981, a zauren wani dattijo da ya yi shekaru yana kiɗa a gidajen rawa na Kaduna, sa'annan ya tattaro ya dawo gida bayan an ƙirƙiro Jihar Gongola a 1976 aka mai da Yola hedikwatarta. Ranar farko na miƙa hannu zan ɗauki jitar bes da ke jingine a bango, sai ya dafa ni. Ya ce, "Ɗana, bar ta tukuna. Kunne ke fara koyon kiɗa, yatsu daga baya suke zuwa."

Ya ɗora faifai a garmaho. Bes ya fara takawa shi kaɗai kamar mai tafiyar dare, wani abu na karce-karce a bayansa, ƙaramin ƙarfe na amsawa can sama, sa'annan muryar namiji mai ɗan kaushi ta shigo. Ben E. King ne, waƙar kuwa Stand By Me, wadda ta fito a Amurka a 1961. Da ta ƙare sai ya ce, "Tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya. Wannan waƙa duwatsun murhu uku ne a ƙarƙashinta. Ranar da ka gane su, ranar ka zama makaɗi." Na ce, "To, Baba." Na shekara fiye da arba'in ina kiɗa a coci da wuraren biki, kuma sai a hankali na yi ta tono duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya.

Dutsen farko coci ne. A 1905 wani fasto baƙar fata na ɗarikar Methodist a birnin Filadelfiya, Charles Albert Tindley, ya fitar da waƙar addu'a mai wannan suna, inda mai waƙa ke roƙon Ubangiji ya tsaya tare da shi a cikin tsanani. Mahaifin Tindley bawa ne. Shi da kansa ya koya wa kansa karatu, ya yi aikin sharar majami'a, daga baya ya zama faston wannan majami'ar da yake sharewa. Bayan shekaru fiye da hamsin, Sam Cooke da J.W. Alexander suka rubuta wa ƙungiyar bishara ta Soul Stirrers wata waƙa a kan wannan roƙo, mai suna Stand By Me Father. Ita ce ta zauna wa King a kunne. Hoton duwatsu na rushewa cikin teku da ke cikin waƙarsa kuwa, duk ɗan kwaya ya san daga Zabura ta 46 aka ɗebo shi.

Abin da King ya yi shi ne ya ɗauki roƙon da ake yi wa Allah ya juya shi zuwa ga ɗan'adam, masoyi ko aboki. Wannan juyi shi ne asalin kiɗan da ake kira sol, wato kiɗan rai. Ray Charles ya riga shi a 1954 da I Got a Woman, wadda ya gina a kan karin wata waƙar bishara, kuma masu wa'azi da yawa sun yi tir da shi. Sam Cooke ma ya sha irin wannan zargi da ya bar Soul Stirrers ya fitar da You Send Me a 1957.

Mu a nan ba baƙi ba ne ga wannan gardama. Yawancin makaɗan zamani na Jimeta a coci muka tashi, don a nan ne yaro talaka zai taɓa jita da ganga ba tare da ya biya ko kwabo ba. Daren Asabar kana otal kana kaɗa wa masu rawa, safiyar Lahadi kana gaban jama'a da jitar nan dai, dattawan ikilisiya na kallonka da wutsiyar ido. Cocin namu kuma yana da nasa tarihin kiɗa. Tun da likita Niels Brønnum na ƙasar Denmak ya sauka a Numan a 1913, da kuma 'yan mishan na Brethren da suka kafa zango a Garkida a 1923, aka fara koya wa kakanninmu waƙa da muryoyi huɗu, ana bin Littafin Waƙoƙi baiti-baiti, jiki a tsaye cak. Iyayenmu mata na Zumuntar Mata ne suka kwance wannan ɗauri. Suka shigo da tulu da caki, ɗaya ta ba da waƙa saura su amsa, ƙafa na motsi, zani iri ɗaya. Kafin Panam Percy Paul, ɗan Mbula na jiharmu, ya ɗauki jita ya zagaya ƙasa da waƙoƙin Bring Down the Glory, iyayen nan sun riga sun share fagen.

Dutse na biyu bakin titi ne. An haifi King da suna Benjamin Earl Nelson a Henderson ta jihar Karolina ta Arewa a 1938, iyayensa suka kai shi unguwar Halem ta birnin New York yana ɗan shekara tara. A can samari huɗu ko biyar kan tsaya a kusurwar titi da dare su yi waƙa ba kayan kiɗa, don ba su da kuɗin saye. Ɗaya ya ja waƙa, biyu ko uku su yi masa shimfiɗa, mai babbar murya kuma ya yi aikin bes da bakinsa, yana furta sautuka marasa ma'ana. Daga waɗannan sautuka salon ya samu sunansa, duwap. Muryoyin nan huɗu da malamina ya fara koya mini, do, la, fa, so, su ne ƙashin bayan ɗaruruwan waƙoƙin salon a shekarun 1950.

King ya shiga ƙungiyar Five Crowns. A 1958 manajan fitacciyar ƙungiyar Drifters, George Treadwell, ya sallami mawaƙansa gaba ɗaya ya ɗora wa Five Crowns sunan. Da muryar King suka yi There Goes My Baby a 1959 da Save the Last Dance for Me a 1960, sa'annan ya rabu da su saboda saɓani a kan kuɗi. Ranar 27 ga Oktoba 1960 ya shiga situdiyo da marubuta waƙa Jerry Leiber da Mike Stoller, aka ɗauki Spanish Harlem, aka kuma ɗauki Stand By Me. Stoller ne ya tsara takun bes ɗin, Lloyd Trotman ya kaɗa shi. A matsayina na mai bes, abin da ya fi burge ni shi ne wannan: tsarkiyar Trotman aikin bakin yaron nan na kusurwar titi take yi. An cire sautin daga maƙogwaro an miƙa wa katako da tsarkiya, amma takun bai canza ba.

Wannan dutse ma muna da shi a gida. Wanda ya ga yaran Limawa ko Rumde suna tashe a watan azumi, gwangwani da kwali ne kayan kiɗansu, ɗaya na ba da waƙa saura na amshi, ya ga 'yan'uwan samarin Halem. Haka 'yan mata a dandali suna gaɗa da tafi kawai. Haka mu ma a daren Kirsimeti muna bin gida-gida, wani na yin ganga da baki.

Dutse na uku shi ya fi wuyar gani, don a ƙarƙashin toka yake. Stand By Me ba a kan tsarin buluz mai gaɓa goma sha biyu aka gina ta ba. Buluz ɗinta a maƙogwaron King yake: yadda yake jan harafi ɗaya ya lanƙwasa shi, yadda yake sauka a ɗan ƙasa da inda fiyano ya ajiye murya, yadda muryar ke tsagewa idan roƙon ya yi zafi. Leiber da Stoller kansu a gidan buluz suka yi ƙuruciya. Su suka rubuta Hound Dog da Big Mama Thornton ta rera a 1952. Coci da buluz kuwa sun daɗe suna auratayya. Thomas A. Dorsey, wanda ake kira uban waƙoƙin bishara na baƙaƙen Amurka, shi ne dā mai kaɗa wa Ma Rainey fiyano a gidajen rawa.

A nan ne labarin ya juyo ya iso ƙofar gidanmu. Wani masanin kiɗa ɗan ƙasar Ostiriya, Gerhard Kubik, ya yi yawon ɗaukar sauti a wannan yanki. A 1964, a garin Yoko na Kamaru, kudu da Tibati, ya ɗauki wani Bahaushe mai goge, a wani wuri kuma ya ɗauki wata mata 'yar ƙabilar Tikar tana waƙa a kan dutsen niƙa. A littafinsa Africa and the Blues na 1999 ya jera waɗannan sautuka kusa da na mawaƙan Misisipi, ya nuna cewa halayen buluz da yawa sun fi kama da kiɗan ƙasashen sarari na Sudan ta tsakiya da yamma, wato irin namu, fiye da kiɗan manyan ganguna na bakin teku. Halayen su ne mawaƙi guda da abin kiɗa mai tsarkiya, murya mai lanƙwasa, da tsani mai matakai biyar. Akwai dalili a tarihi. Bayan boren bayi na Stono a 1739, Karolina ta Kudu ta kafa doka a 1740 ta hana bayi ganga. Da aka ƙwace ganga, mai molo da mai goge da mai waƙar aiki su suka rage da bakin magana.

An haifi buluz a Amurka, a gonakin auduga na kudu, daga wahalar da mutanen can suka sha, kuma nasu ne. Amma Tibati da Garwa da Ngaundare duk a cikin Fombina suke, ƙasar da Modibbo Adama ya kafa wa hedikwata a Yola a 1841. Ranar da na fara jin waɗannan bayanai, kakata na tuna, durƙushe a kan dutse da asuba, tana niƙa dawa tana jan waƙa ita kaɗai, numfashinta da gurzar dutse su ne kiɗan. Sautin karce-karcen da ke bayan bes a faifan King, kunnena tun ina cikin zanin goyo ya san ɗan'uwansa.

Kiɗan sol ya shigo Najeriya ta Legas. Geraldo Pino ɗan Saliyo ya girgiza birnin da shi a shekarun 1960, James Brown ya zo da kansa a 1970. A arewa muna da Bala Miller da ƙungiyarsa a Kaduna, da Bongos Ikwue wanda ya yi karatu a Zariya. Mu a Yola faifai da kaset ke iso mana a jakar ma'aikata da ɗalibai da direbobi, mu kwana muna mai da kaset baya da biro har mu cafke kowace murya. Ƙungiya a lokacin mutum bakwai ce ko takwas, kowa na sauraren ɗan'uwansa. Daga shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya zo, mutum ɗaya ya riƙe ganga da bes da ƙaho a yatsunsa, masu biki suka ga sauƙin kuɗi, ƙungiyoyi suka watse. Yau kwamfuta ke gyara wa yaro murya ta miƙar da ita sambal, alhali a wannan ɗan lanƙwasa da ake gogewa ne zuciyar waƙa take. Injin niƙa ya kashe waƙar niƙa. Masu goge da molo suna tsufa ba magada. A 2015 Ben E. King ya rasu ranar 30 ga Afrilu, Ɗan Maraya Jos ya bi shi ranar 20 ga Yuni. A wannan shekarar Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sanar da sa Stand By Me cikin sautukan da ƙasa za ta adana. Su sun tanadi rumbu. Mu kuwa da yawa daga cikin sautukan kakanninmu a cikin kawunan tsofaffi kawai suke.

A ƙarshen 2014, da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, mutane suka kwararo Yola da Jimeta da kayan jikinsu kawai. Harabar Katidiral ta Saint Theresa ta cika, masallatai da makarantu suka cika, gidan da ke da ɗaki biyu ya ɗauki mutum ashirin, ba a tambayi addinin kowa ba. Wata yamma muka je da 'yan kwayarmu wani wuri da aka sauke su. Ba wuta, ba lasifika. Na fara takun bes ɗin nan da baki, yadda samarin Halem ke yi. Wata dattijuwa daga cikin masu gudun hijira ta jawo tulun ruwa da ba kome ciki, ta fara bugun bakinsa da tafin hannu, ta faɗa daidai kan takun. Ba ta jin Turanci, ba ta taɓa jin sunan King ba. Sai ta ɗora tata waƙar a kai da harshensu, tana jan murya tana lanƙwasa ta, matan da ke kewaye suna amsawa. Da muka gama na durƙusa na ce, "Mama, ina kika san wannan kiɗa?" Ta ce, "Ɗana, ai namu ne."

A wannan yammar na ga duwatsun Baba uku a wuri guda, da tukunya a kai. Shi ya riga mu gidan gaskiya, jitarsa tana wurina. Yaran da ke zuwa koyo yanzu, ina fara musu da do, la, fa, so, kamar yadda aka fara mini. Idan yatsunsu suka zauna, sai in ce kowa ya ɗauki wayarsa ya tafi wurin kakarsa, ya gaishe ta, ya roƙe ta waƙar da take yi a kan dutsen niƙa, ya ɗauko mana. Sai ya kawo ta nake buɗe masa darasi na biyu.