Abin da ke sa firintar ofis ɓacewa daga layin sadarwa, da hanyar magance shi

A sakatariyar ƙananan hukumomi, da ofisoshin makarantu, da shagunan buga takardu na Birnin Kudu da Gwaram, ma'aikata sun saba da wata matsala: firinta tana kunne, akwai takarda da tawada, amma kwamfuta ta ce ba ta ganin ta. Akan ɗauki na'urar zuwa wurin mai gyara a Dutse ko Kano, a kashe kuɗin mota, takardun albashi ko na jarrabawa su makara, alhali lafiyarta ƙalau. Galibi adireshinta ne ya sauya.

Kowace na'ura da ke kan layin ofis tana da lambar adireshi da ake kira IP, misali 192.168.1.20. Rawuta, wato na'urar da ke raba intanet, ita ke ba da waɗannan lambobi aro ta tsarin DHCP, wanda aka fara fitar da ƙa'idojinsa a 1993. Idan wuta ta ɗauke, ko aka juya daga layin KEDCO zuwa janareta ko sola, rawuta da firinta sukan mutu su sake tashi, firintar kuma tana iya samun sabuwar lamba. Ita kuwa kwamfuta sai ta ci gaba da aika aiki zuwa tsohon adireshi.

Matakin farko shi ne a sa firintar ta buga shafin bayanan sadarwarta, a kwatanta lambar da ke ciki da wadda kwamfuta ta adana. Idan sun bambanta, an gano bakin zaren. Idan lambar ta fara da 169.254, alama ce firintar ba ta sami adireshi daga rawuta ba ko kaɗan, sai a duba kebul ko kalmar sirrin Wi-Fi. Magani mai ɗorewa shi ne a shiga saitin rawuta a keɓe wa firintar lamba guda ta dindindin, sannan a sake shigar da ita a kwamfuta da wannan lambar.

Akwai wasu dalilan. Firintoci da yawa zangon Wi-Fi na 2.4GHz kaɗai suke kamawa, ba sa ganin na 5GHz. Bangon bulo da kabad ɗin ƙarfe suna raunana sigina, shi ya sa kebul ya fi aminci, muddin tsawonsa bai wuce mita 100 ba. Wasu firintocin kan yanke sadarwa idan suka shiga yanayin barci, sai a tsawaita lokacin a saitinsu. Ƙurar hunturu da ɓeraye ma suna lalata kebul da mahaɗarsa.

Ta fuskar wuta, ya dace a ɗora rawuta a kan ƙaramar UPS domin kada ta riƙa mutuwa. Firintar leza kuwa ba a ɗora ta a kai, saboda tana jan wuta mai yawa lokacin da take ɗumama. Bayan an dawo da wuta, a fara kunna rawuta, a bar ta ta gama tashi, sannan firinta.

Idan an gwada sabon kebul a wata mahaɗar rawuta, fitilar mahaɗar firintar ba ta kama ba, to a nan ne tafiya wurin mai gyara ta wajaba.