Jerin Ramukan Wata da Tarihin Raɗa Musu Suna

Catena kalmar Latin ce mai nufin sarƙa. Da ita masana taurari ke kiran ƙananan ramukan da suka jeru a layi ɗaya a doron wata, tamkar 'ya'yan carbi. Irin wannan jeri yawanci ba ya samun sunan kansa, aron sunan babban ramin da ke kusa da shi yake yi. Catena Davy, mai tsawon kusan kilomita 50 da ramuka sama da 20, ta ci sunan ramin Davy, wanda ke ɗauke da sunan Humphry Davy, masanin sinadarai ɗan Ingila. Catena Abulfeda kuwa ta haura kilomita 200, kuma asalin mai sunan shi ne Abul Fida, sarkin Hama a ƙasar Sham, marubucin tarihi da labarin ƙasa, wanda ya rasu a 1331.

Wannan raɓuwa da babba ta daɗe. A 1651 Giovanni Riccioli, malamin coci ɗan Italiya, ya raba wa manyan ramuka sunayen masana da masu falsafa, kuma tsarinsa ne ya yi rinjaye har yau. Ƙananan ba su dame shi ba, don madubin hangen nesa na zamaninsa da ƙyar yake nuna su. Da madubai suka ƙara ƙarfi, ramuka suka fi sunaye yawa. A shekarun 1830, Johann Mädler, Bajamushen da ya zana taswirar wata tare da Wilhelm Beer, ya tsayar da dabarar haruffa: ƙaramin rami ya ɗauki sunan babban maƙwabcinsa a ƙara masa harafi, a ce Copernicus A, Copernicus B.

Sai dai kowane mai taswira da nasa haruffan. Rami ɗaya kan kwana da suna biyu ko uku, kamar yaron da kowace kaka ta yi masa laƙabi. Wadda ta warware wannan ƙulli ita ce Mary Blagg, wata mata 'yar Ingila da ba ta da kujera a wata jami'a. Ta zauna ta gwada manyan taswirori rami bayan rami, ta fitar da jadawalinta a 1913. Aikin da ta ƙarasa tare da Karl Müller shi ne Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya, wato IAU, ta karɓa a 1935 a matsayin tsari na hukuma.

Zamanin kumbo ya sake dagula lissafi. Luna 3 na Tarayyar Sobiyet ya ɗauko hoton bayan wata a 1959, sannan hotunan Apollo suka sa Amurka buga taswirori masu faɗaɗa ɗan ƙaramin yanki. Kowace taswira tana buƙatar suna, ga shi wani yankin babu rami mai suna ko ɗaya. Sai aka koma ga sunayen yanka na al'ummu dabam-dabam, waɗanda ba su nufin wani mutum takamaimai. Haka shida daga ramukan Catena Davy suka zama Alan, Delia, Harold, Osman, Priscilla da Susan a 1976. Osman shi ne Usman a bakin Turkawa.

A yau ƙa'idar a tsuke take. Kafin a sa sunan mutum, sai ya shekara uku da rasuwa, ana kuma kauce wa sunayen da ke da warin siyasa, soja ko addini. Abin da bai kai mita 100 ba, ba a cika raɗa masa suna ba sai in masana na da buƙatar ambatonsa.

Suna ya riga fahimta zuwa. An daɗe ana gardama kan Catena Davy: wasu suka ce aman wuta ne ta wata tsaga, wasu suka ce ɓaraguzan da wani babban karo ya watso ne. Da tauraro mai wutsiya Shoemaker-Levy 9 ya tarwatse, tun kafin gutsattsarinsa su faɗa wa duniyar Jufita ɗaya bayan ɗaya a 1994, sai Jay Melosh da Ewen Whitaker suka kawo shawarar cewa irin haka ne ya faru a Davy da Abulfeda: wani abu ne ƙarfin jan duniyarmu ya farfasa, ya sauka kan wata a jere.