Zaman taimakon juna na masu neman barin giya: yadda yake da inda ake samunsa

A zango kowa ya san kowa. Shi ya sa wanda giya ta kama a Garwa, Njamena ko Kumasi yakan yi shekaru yana ɓoye halinsa, ko bil-bil yake sha, ko akpeteshie, ko giyar leda. Tsoron tonon asiri kan hana shi neman taimako fiye da rashin kuɗi. Zaman taimakon juna kuwa a kan rufin asiri aka gina shi.

Asalinsa

Ƙungiyar da ta fi shahara ita ce AA, wadda a ƙasashen rainon Faransa ake kira Alcooliques Anonymes. An kafa ta a 1935 a garin Akron na jihar Ohio a Amurka, bayan haɗuwar wasu mashaya biyu, Bill Wilson, dillalin hannun jari, da Bob Smith, likitan tiyata. Sun lura cewa mashayi ya fi jin maganar wanda ya taɓa shiga irin raminsa. A 1939 aka buga littafin da ke ɗauke da matakai 12 na ƙungiyar.

Croix-Bleue ta girme ta. Wani fasto mai suna Louis-Lucien Rochat ne ya kafa ta a Geneva a 1877, kuma tana da rassa a ƙasashe irin su Chadi, Togo da Ghana. Tushenta na Kirista ne. Akwai kuma Millati Islami, wadda Musulmi suka kafa a Baltimore a 1989 bisa koyarwar Musulunci. Al-Anon, wadda aka kafa a 1951, ta iyalan mashaya ce.

Yadda zaman yake

Zaman AA yakan ɗauki awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Babu kuɗin shiga, babu rajista, sharaɗi ɗaya ne kawai: mutum ya kasance yana son daina sha. Kowa yana faɗin sunansa na farko kaɗai, kuma ƙa'ida ce abin da aka ji a ɗakin ya tsaya a ɗakin. Sabon zuwa yana iya yin shiru ya saurara. Ba a yi wa juna wa'azi ko gori, kowa labarin kansa yake bayarwa.

Zaman iri biyu ne. Buɗaɗɗe, kowa na iya halarta, har mata ko ɗan'uwan mai shan. Rufaffe na masu matsalar ne kaɗai. Daga baya sabon zuwa yakan zaɓi wani da ya daɗe da daina sha ya riƙe masa hannu, wanda a Faransanci ake ce wa parrain. Ba a ɗora wa mutum alkawarin har abada, ana so ne ya kame bakinsa na yinin yau. Matakan suna ambaton Allah bisa fahimtar kowane mutum, kuma ko da an yi zaman a harabar coci, aron ɗaki ne kawai, domin AA ba ta ƙarƙashin wani addini.

Yadda ake nema

Hanya ta farko ita ce sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kamar asibitin Jamot a Yawunde ko na Pantang kusa da Accra. Ana tambayar ma'aikatan jinya ko na walwalar jama'a, wato assistants sociaux, rukunin da ke zama kusa. Ta biyu, shafin intanet na AA yana da jerin ofisoshinta ƙasa-ƙasa. Ta uku, ofishin Croix-Bleue inda yake akwai.

Tarurrukan sun fi yawa a manyan birane, kuma galibi da Faransanci ko Turanci ake yi. Wanda ke nesa yana iya shiga zaman Zoom ta wayarsa, ba sai ya kunna kyamara ba. Wanda ke gudun idon 'yan unguwa yana iya zuwa wata unguwar. A al'adar AA, mutum biyu ko uku sun isa su kafa rukuni, kuma babu abin da ya hana su yi da Hausa. Kafin a tashi a kira a tabbatar da rana da wuri. Duk inda aka nemi kuɗi masu yawa ko aka yi maganar ɗaure mutum da mari, wannan ba zaman taimakon juna ba ne.

Likita tukuna

Zaman ba asibiti ba ne. Wanda ya daɗe yana sha kullum, yanke giya farat ɗaya na iya jefa shi cikin haɗari. Rawar hannu, gumi da amai kan fara cikin awa 6 zuwa 24. Wasu kan yi farfaɗiya, wasu kuma bayan kwana biyu zuwa uku su ruɗe suna gane-gane, abin da kan yi kisa in ba a kula ba. Irin wannan mutum ya fara ganin likita.

Ko yana amfani?

A 2020 cibiyar Cochrane ta tattara bincike 27 da suka shafi mutum fiye da 10,000. Ta gano cewa shirye-shiryen da ke haɗa mutum da AA sun yi daidai da sauran hanyoyin ba da shawara, a wasu lokutan ma sun fi su wajen sa a daina sha gaba ɗaya. Duk da haka ba kowa ne yake dacewa da rukunin farko ba, sai ya gwada wani. Wanda ya koma sha bayan ya daina ba a korarsa, ana karɓarsa a zama na gaba.